Darasin Noma: Me Ya Sa Ingarma Ɗaya Ya Fi Garke Tsada?

Da yawanmu daga Birnin Kudu da Gwaram mun taɓa zuwa kallon hawan sallah a Dutse. Mukan yaba kwalliyar doki, amma ba ma tambayar waye ubansa. A duniyar sukuwa kuwa, wannan tambayar ce kuɗi.

Dawakin tsere na Ingila, waɗanda ake kira Thoroughbred, duk salsalarsu ta wajen uba tana komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen Larabawa da Turkawa. Mafi shahara shi ne Darley Arabian, wanda aka saya a Halab ta Siriya a 1704. Tun 1791 Turawan suke rubuta sunan kowane duƙushi da uwarsa da ubansa a littafi guda.

Ku dubi Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Ya shiga tsere 14, ya cinye duka. A 2024 sai an biya fam 350,000 kafin ya hau goɗiya ɗaya, sannan a jira wata 11 ta haihu.

Mu ma muna da dawaki masu juriyar zafi da doguwar tafiya. Sai dai asalinsu a ka yake, in dattijon barga ya rasu ya tafi da shi.

Aikin gida: ku tambayi mai doki ko mai shanu a unguwarku uwa da uban dabbarsa, ku rubuta, ku kawo ranar Litinin.