Yaro Mai Ƙiriniya

Ya ku iyaye, ku duba wannan misali. Uwa ta tafi kasuwa da ɗanta. Yaron ya ga ƙuli-ƙuli, ya ce a saya masa. Ta ce a'a. Sai ya faɗi ƙasa yana birgima, yana kururuwa. Don kunyar idon mutane ta kwance bakin zane ta saya. Yaron ya yi shiru, amma ya koyi cewa da kururuwa ake samun biyan bukata. Ran kasuwa mai zuwa zai ƙara murya.

Wani masani a Amurka, Gerald Patterson, ya soma binciken wannan hali tun wajen shekarun 1960. Ya ga yaro da iyayensa suna koya wa juna faɗa ba su sani ba. Sai ya ce a fara da koyar da iyaye tukuna. Yanzu ana irin wannan koyarwa a ƙasashe da yawa, har da Afirka ta Kudu, inda iyaye kan taru sau ɗaya a mako har mako 12. Ga abin da ake koya musu.

1. Ka ba ɗanka ɗan lokaci kowace rana, ku yi wasa ko hira.

2. In ya yi abin kirki, ka yabe shi nan take, ka faɗi abin da ya yi: "Madalla, ka ba awaki ruwa."

3. Ka matsa kusa, ka ba da umarni guda a fili. Kada ka yi ta ihu daga nesa.

4. In kukan rigima ne kawai, ka ƙyale shi. Da fari zai ƙaru, daga baya ya ragu.

5. In ya ƙi ji, ka zaunar da shi waje ɗaya minti kaɗan, ko ka hana shi fita wasa ran nan. Abin da ka ce za ka yi, ka yi shi, ba da fushi ba.

Bulala takan sa yaro shiru yau, amma tana koya masa dūka. Sakaci kuma ba ƙauna ba ne. Ku tuna da Eli firist, wanda bai kwaɓi ƴaƴansa ba har gidansa ya lalace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.

Maigida da uwargida, ku zauna daren nan ku zama baki ɗaya. Ku zaɓi hali guda da za ku fara gyarawa, ku roƙi Ubangiji haƙuri, gama gyara yakan ɗauki makonni.