Wayar Hannu da Hutun Ɗan Adam

Ya ɗan'uwa mai neman hanyar Ubangiji, ka lura da dogayen ƙarafan nan na sabis da aka kakkafa a ƙasarmu, daga Dingyaɗi zuwa Boɗinga har Shagari. Tun shekara ta 2001, da wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya, ba su barci. Idan wutar lantarki ta ɗauke, injin mai shan man dizal ya karɓa, ko kuwa batir da hasken rana ya cika. Ta wurinsu ɗan cin rani a Ikko yana jin muryar uwarsa, ya aiko mata da kuɗin hatsi kafin tuwo ya huce. Wannan alheri ne, sai mu gode.

Amma ga tarkon. Ƙarfe ba shi da rai, don haka ba ya gajiya. Kai kuwa nama ne da jini. Na ga mai POS wanda ake buga masa waya har tsakar dare, yana tsoron kashe ta kada ciniki ya koma wurin wani. Na ga magidanci yana cin abinci, idonsa a kan waya, ɗansa ya yi masa magana sau uku bai ji ba. Ni ma na taɓa durƙusawa domin addu'a, waya ta yi ƙara, na tashi, ban koma ba.

A cikin Kubawar Shari'a sura 5, umarnin hutu bai tsaya kan maigida kaɗai ba; ya haɗa da bara da baƙo, har sa da jaki. A cikin Markus sura 6 kuma, sa'ad da jama'a suka matsa wa almajirai har ba su sami zarafin cin abinci ba, Ubangiji Yesu ya janye su waje ɗaya su huta. Aikinsu na kirki ne, duk da haka ya tsai da su.

Saboda haka ka ajiye wayarka lokacin addu'a, da lokacin cin abinci tare da iyali, da lokacin sujada ran Lahadi. Ka gaya wa abokan cinikinka sa'ar da kake rufewa. Kada kuma ka tashi yaronka da dare saboda abin da zai iya jiran safiya. Idan kiran rashin lafiya ne ko haɗari, ka amsa, gama jinƙai ba ya karya hutu.

Mai kashe wayarsa yana shaida cewa Allah ne mai ciyar da shi. Wanda ba ya gyangyaɗi shi ne mai tsaronka. Kai ka kwanta.