ABUBUWA HUƊU DA ZA MU AUNA ƊAN SIYASA DA SU: DARASI DAGA MARIGAYI 'YAR'ADUA



'Yan uwa, duk sanda guguwar zaɓe ta taso, masu neman ƙuri'a sukan shigo Batsari da Safana da alƙawarin tsaro. To amma mai iya kawo tsaro ana gane shi ne daga ra'ayinsa a kan abubuwa huɗu: zaman banzan matasa, tazarar mai hali da talaka, haɗin kai, da ladabin adawa. Bari mu ɗauki misali da ɗan jiharmu, Malam Umaru Musa 'Yar'adua, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, kuma shugaban ƙasa daga nan har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu, 2010. Ba ma'asumi ba ne, Allah Ya jiƙansa, amma akwai abin koyi a siyasarsa.

Na farko, aikin yi. A 2009 ya yi afuwa ga tsagerun Neja Delta. Shirin bai tsaya ga karɓar bindigogi ba, an haɗa da koyar da sana'a, da tura wasu karatu, da alawus na naira 65,000 duk wata. Fahimtarsa ita ce, matashin da ya ajiye makami ya koma gida hannu rabbana, gobe zai sake ɗauka. Mu a nan mun ga sulhun da gwamnatin Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019. Ba a rufa shekara ba, a Fabrairun 2020, aka afka wa Tsauwa da Dankar aka kashe mutane kusan 30. Sulhun da bai ba tubabbe da wanda aka zalunta hanyar abinci ba, wallahi ba ya ɗorewa. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan roƙo. Yau matashin Runka ko Ruma, shiga dajin Rugu yo itacen ma sayar da rai ne. Wa zai buɗe masa wata ƙofa?

Na biyu, tazarar arziki. A Suratul Hashri, aya ta 7, Allah Ya faɗi hikimar rabon dukiyar fai'i, wato kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kawai. 'Yar'adua ya bayyana kadarorinsa a fili a 2007, ya kuma rage kuɗin man fetur. Shugaban da ya nuna abin da ya shigo da shi, ya ba talaka damar tuhumarsa ranar fita. Shi kuwa wanda bai san ƙauyenku ba sai ranar rabon taliya da atamfa, ai talaucinku shi ne jarinsa.

Na uku, haɗin kai. Da ya hau mulki ya gayyaci 'yan adawa cikin gwamnati, har ANPP ta samu kujerun minista. Haɗin kan da muke buƙata a yankinmu ya ma wuce na jam'iyyu. Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi alƙibla ɗaya suke kallo, kuma duka biyun an yi musu ɓarna: wannan an hana shi gonarsa, wancan an kore masa shanu. Ƙa'idar Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 164, ita ce ba a ɗora wa wani laifin wani. Ɗan siyasar da ke jingina ta'addanci ga ƙabila sukutum, fetur yake zuba wa wuta, ko da yaren naku yake yi.

Na huɗu, ladabin siyasa. A jawabinsa na kama mulki, ranar 29 ga Mayu, 2007, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu, sannan ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kun ga, amsa gaskiya bai rage masa komai ba. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili, da jifa da munanan laƙubba, da mummunan zato, da giba, kuma ba ta keɓe lokacin kamfe ba. Wanda ya ba ɗanka ƙwaya da gora ya mayar da shi ɗan ƙauraye, ko ya saya masa data don ya zagi sa'an ubansa a Facebook, bai ba shi aiki ba. Lalata shi ya yi, alhali nasa 'ya'yan suna makaranta.

Saboda haka in ɗan takara ya zo, daga kansila har gwamna, ku tambaye shi: wace sana'a ka tanadar wa matasanmu? Me ka mallaka yau? Me za ka yi wa manomi da makiyayi tare? Yaya kake ambaton abokin hamayyarka? Ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya zaunar da Batsari da Safana lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.

Wallahu A'alam.