Neman Ciwon Murya a Tsohon Garmahon Saka Kuɗi

A ƙasar Amurka akwai wani irin babban garmaho wanda su ke kira jukbos. Tsayinsa ya kusa na mutum, kuma a dā a kan ajiye shi a gidajen abinci. In mutum ya jefa kuɗi a wata kafa, ya danna lambar waƙar da ya ke so, sai injin ya zaro faifan da kansa, ya buga. A shekarar 1946 kamfanin Wurlitzer ya fito da wani mai lamba 1015, wanda ya ke ɗaukar faifai 24, kowanne yana juyawa sau 78 a minti ɗaya. A 1948 kamfanin Seeburg ya yi wani mai waƙa 100, sa'an nan a 1950 ya yi na ƙananan faifai masu juyawa sau 45. Waɗanda su ka rage yau duk sun tsufa, muryarsu kuwa ta kan ɓaci. To, yaya za mu gane inda ciwon ya ke?

Mu tuna da mai lambu. In ruwa bai kai ga fangali ba, ba ya fara haƙa sabuwar rijiya. Sai ya bi hanyar ruwan daga bakin rijiya har ya tarar da inda ta toshe. Haka murya ta ke da hanya a cikin garmaho, zangonta huɗu ne. Allura ta bi zanen faifai tana karkarwa, kan allura ya juya karkarwar ta zama ɗan lantarki kaɗan. Waya ta ɗauki wannan lantarki. Amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi da waɗansu kwalabe da a ke ce wa bawul. Daga ƙarshe lasifika ta mai da shi murya. Wanda ya bi zangunan nan bi da bi, ba zai ɓata kuɗi a kan abin da lafiyarsa lau ba.

Kafin mu taɓa kome, mu sani a cikin amfilifaya akwai wuta mai ƙarfin bolt 300, ko fiye, tana iya kashe mutum. Waɗansu kwandansa kuma su kan riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango. Saboda haka ɗalibi kada ya buɗe ta sai tare da malaminsa.

Ciwo na fari, faifai yana juyawa amma babu murya ko kaɗan. Mu fara duban kwalabe, ko suna haske da ɗumi. In suna yi, sai mu cire wayar da ta fito daga kan allura, mu taɓa mashigarta a jikin amfilifaya da bakin sukudireba mai ƙotar roba. In lasifika ta yi gurnani, mun san amfilifaya da lasifika suna da rai, watau rabin hanya ke nan mun sallama. Saura kan allura, da waya, da wani ɗan makunni wanda aikinsa shi ne ya kashe murya yayin da a ke sake faifai. Wannan makunni ya kan maƙale don datti ko lanƙwasa, ya bar garmaho bebe, alhali kuwa gogewa kaɗai ya ke bukata.

Na biyu, gurnani mai kauri wanda ba ya tsayawa. Mu rage murya har ƙarshe mu saurara. In gurnanin ya tafi, ta wajen allura ya ke shigowa, galibi rigar wayar ce ta tsinke. In kuwa yana nan, laifin manyan kwandansa ne masu tace wuta, gama ruwan da ke cikinsu ya kan bushe da shekaru. Nan tilas mu kashe garmaho nan da nan, don ruɓaɓɓen kwandansa ya kan ƙone taransfoma, ita kuwa samun irinta yau da wuya.

Na uku, murya ta dushe ko tana ƙarce. Mu fara da allura. Faifan 78 zanensa mai faɗi ne, allurarsa ta yi wajen uku na kaurin ta faifan 45, ba a musanya su. Allurar da ta cinye kuwa ta kan kankare faifai kamar aska, abin da ta kankare ba ya dawowa. In allura sabuwa ce, mu duba kanta. Waɗansu kawunan a kan yi su da wani irin gishiri mai ba da lantarki in an matsa shi, zafi da laima su kan lalata shi. Waɗansu kuwa robar da ke cikinsu ce ta kan ƙandare. In duk wannan lafiya, sai mu danna takardar lasifika a hankali, mu ji ko tana gogar wani abu.

Na huɗu, waƙa tana jan jiki ko tana rawa. Wannan ba ciwon murya ba ne, ciwon juyi ne: tsohon mai ya daskare, ko 'yar tayar roba ta yi santsi. Amma fa mu lura, wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijeriya da Nijar sau 50. In an kawo garmahon Amurka nan, ko an rage masa ƙarfin wuta da taransfoma, faifan 78 zai riƙa juyawa sau 65 kaɗai, sai an sake masa giya ko taya.

Bayan kowane gyara guda, mu kunna mu saurara kafin mu taɓa wani abu, mu kuma rubuta abin da mu ka yi a littafi. Wanda ya sake abu biyar gaba ɗaya, ko murya ta dawo bai san abin da ya warkar da ita ba, gobe kuwa ba zai iya koya wa yaransa ba. Sannu ba ta hana zuwa.