Ayyukan Bayan Darasi da Tarbiyyar Ɗalibi: Nazarin Shekara Guda a Makarantun Sakandare na Gaya da Ajingi

GABATARWA

Idan aka ambaci makaranta, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne aji da allo da malami da jarrabawa. To amma duk wanda ya zauna a sakandare ya san akwai wani karatu na biyu da kan soma bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, wanda ba a yi masa jarrabawa, ba ya kuma fitowa a takardar sakamako. Shi ne muke kira ayyukan bayan darasi, wato ƙungiyoyin muhawara da wasan kwaikwayo da matasa manoma da sikawut da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, da wasannin motsa jiki, da kuma muƙaman da akan ɗora wa ɗalibai don su shugabanci 'yan'uwansu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi ɗalibin sakandare na ƙasar Gaya da Ajingi zango-zango har shekara ta kewayo, a ga irin darasin da yakan kwasa daga waɗannan ayyuka. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa shi ne halayen mutumin kirki guda goma da A. H. M. Kirk-Greene ya fitar a nazarinsa na 1974, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ra'ayinmu shi ne, a cikin aji sunayen waɗannan halaye kurum ɗalibi yake ji, a ayyukan bayan darasi ne ake jarraba shi da su.

ƘASAR DA MAKARANTUNTA

Gaya tana gabas da birnin Kano, kan hanyar da ta bi ta Wudil ta nufi Dutse, Ajingi kuma tana arewa da ita. Garin Gaya tsohon garin maƙera ne. Labarin Bayajida ya ce a nan ne maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Daura da ita, tarihin baka na Kano kuma yana danganta Abagayawa, waɗanda suka zauna a gindin Dala don neman tama, da wannan gari. Abin lura a nan shi ne yadda maƙeri yake horon ɗansa. Zugazugi yakan fara miƙa masa, daga nan riƙon awartaki, sai a hankali a kai ga masaba da uwar maƙera. Ashe koyo ta hanyar aikatawa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Daga cikin makarantun kwana na yankin akwai Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya da Sakandaren Gwamnati ta Ajingi, ban da makarantun jeka-ka-dawo da ke warwatse a garuruwa da ƙauyuka. Akasarin ɗaliban 'ya'yan manoma ne masu noma gero da dawa da gyaɗa da wake. Shekarar karatu tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuli, saboda haka zangon farko yakan faɗo da kaka, na biyu da hunturu zuwa bazara, na uku da faɗuwar damina. Ɗalibin da za mu ɗauka misali shi ne ɗan aji biyu na babbar sakandare, wanda aka fi sani da ɗan aji biyar, domin shi ne ya wuce baƙunta, jarrabawar fita kuma ba ta riga ta sha masa kai ba.

ZANGON FARKO: KAKA

Da dawowa daga dogon hutu, aikin farko da ke jiran ƙungiyar matasa manoma shi ne girbin geron gonar makaranta da ɗaurin dami. A lokacin ne kuma ƙungiyoyi kan ɗebi sababbin mambobi, su naɗa magatakarda da ma'aji daga cikin 'yan aji biyar.

Muƙamin ma'aji ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron da a gida iyakarsa a aike shi kasuwa ya kawo canji, yau shi ne ke riƙe da kuɗin karo-karo na mutum talatin ko arba'in, tare da littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kuɗin ba su da yawa, amma ga ɗan makarantar kwana da guzurinsa ya ƙare tun tsakiyar zango, ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Ga kuma abokin ɗaki da zai zo neman rance yana rantsuwa zai biya ranar ziyara. Idan ya ba shi ya taɓa dukiyar jama'a, idan ya hana shi an ce ya cika maƙo. Ranar da ya tsaya gaban taro ya karanta lissafi ya fito daidai, ya san ma'anar amana sanin da bayanin aji ba ya bayarwa. Ya kuma gane cewa karamci da abin hannunka ake yin sa, ba da ajiyar wani ba.

ZANGO NA BIYU: HUNTURU DA BAZARA

Wannan shi ne zangon harshe, don haka shi ya fi shafar mu masu nazarin Hausa. Aikin gona ya ƙare, saboda haka yammaci da daren ƙarshen mako na muhawara ne da kacici-kacici da wasan kwaikwayo.

Tarbiyyar Bahaushe ta hori yaro da kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya a gabansa, kada kuma ya musa masa. Muhawara kuwa tana bukatar ya miƙe gaban shugaban makaranta da malamai, ya ɗaga kai, ya rushe hujjar wani. A zahiri sai a ce abubuwan biyu sun yi hannun riga. Amma idan aka saurari tsarin muhawarar, za a ji mai magana yakan fara da gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, har da abokan hamayyarsa, kafin ya taɓa batu. Yakan ce "abokin hamayyata ya manta da cewa", ba ya ce masa "ƙarya kake yi". Da haka ɗalibi yake koyon raba kunya da tsoro, yana gane cewa ana iya saɓa wa mutum ba tare da an zubar masa da mutunci ba.

Bugu da ƙari, sau da yawa ƙuri'a ce ke raba ɓangare. Ɗan Ajingi da ya yi imani zaman ƙauye ya fi na birni yana iya samun kansa yana kare birni. Tilas ya zauna ya nemo hujjojin da bai taɓa yarda da su ba, ya auna nauyinsu. Wanda ya saba da wannan da wuya ya yanke wa mutum hukunci bai ji ta bakinsa ba, wannan kuwa shi ne tushen adalci.

Wasan kwaikwayo shi ma yana da tsohon tarihi a makarantunmu. R. M. East ya wallafa wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, Abubakar Tunau kuma ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017, wanda kuma kwalejin Gaya ke ɗauke da sunansa, tsohon malamin makaranta ne da ya shahara da fasahar magana, yana kuma cikin waɗanda suka raya wasan kwaikwayo a Kano. Ɗalibin da aka ba matsayin dagaci ko boka ko uwar miji sai ya koma ya saurari yadda irin waɗannan mutane ke magana, da karin maganarsu da habaicinsu da zaurancensu. A nan Hausar gida, wadda a wasu makarantu akan hukunta yaro idan ya yi ta a harabar aji, takan zama abin alfahari. A shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin watan Maris, wato cikin wannan zango, lokacin da tashe ke nuna cewa gyaran hali ta hanyar raha hikima ce da Bahaushe ya daɗe da ita kafin zuwan dandamalin makaranta.

ZANGO NA UKU: DAMINA

A wannan zango 'yan aji shida kan duƙufa ga jarrabawar WAEC da ta NECO, sai ragamar shugabancin ɗalibai ta koma hannun 'yan aji biyar. Wanda jiya yake kukan zaluncin manya, yau shi ne ke raba abinci, yake rubuta sunan masu latti, yake da ikon sa ƙaramin yaro yankan ciyawa. Nan ake gane wanda ya ɗauki darasi daga wuyar da ya sha, da wanda ya ajiye ta don ya rama a kan na baya. Jarrabawar hankali ke nan.

Gonar makaranta ita ma tana da nata darasi. Akan yi shuka wajen watan Yuni idan ruwa ya zauna, a yi noman fari kafin hutu. Daga nan makaranta ta watse a Yuli, daidai lokacin da gona ta fi bukatar hannu, sai ɗaliban da ke kusa su riƙa kewayowa don maimai. Gero kan nuna cikin kimanin wata uku, wato girbinsa sai sabuwar shekarar karatu. Ɗan aji shida da ya sa hannu a shuka ba ya nan ranar girbi, baƙon da ya shigo a Satumba kuwa zai sha kunun abin da bai shuka ba. Da wuya a sami hanyar koyar da haƙuri da aiki domin na baya wadda ta fi wannan.

ABUBUWAN DA KE BARAZANA

Dukan ayyukan nan abu ɗaya suke bukata, wato lokacin yamma, shi ne kuwa yake neman gagara. Da farko, ɗalibin jeka-ka-dawo da ya tashi yakan kama hanyar ƙauyensu a ƙafa ko a keke, ga gona ko kiwo ko kasuwa na jiransa, ga makarantar Islamiyya. Ɗiya mace kuwa aikin gida ya isa ya hana ta tsayawa. Na biyu, tsoron faɗuwa jarrabawa ya sa ana mai da sa'o'in ƙungiyoyi darasin ƙari. Na uku shi ne rufe makarantu. A Maris 2020 annobar korona ta sa an rufe su na tsawon watanni. A ƙarshen Fabrairu 2021 kuma, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, Gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana goma don kare rayuka, ciki har da ta Ajingi da ta Gaya. Darasin aji da aka rasa a irin wannan hali ana iya rama shi da bita, amma gasar da ba a yi ba da gonar da ba a shuka ba sun wuce ke nan ga wannan aji.

KAMMALAWA

An ga yadda kowane zango yake ɗauke da nasa horo: amana da karamci a kaka, kunya da adalci da hikima a hunturu, hankali da haƙuri a damina. Tun da Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yuni 2024, hankali ya fi karkata ga gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk abin bukata ne. Muna ganin ya kamata a haɗa da ware sa'a biyu a mako cikin jadawalin safe domin ƙungiyoyi, yadda ɗan jeka-ka-dawo da ɗiya mace za su samu shiga. Ya kamata kuma a riƙa yin muhawara da Hausa kamar yadda ake yi da Turanci, a kuma ƙara shafi a takardar sakamako inda za a rubuta aikin da ɗalibi ya riƙe da yadda ya riƙe shi.

Mu ɗaliban wannan sashe, da yawanmu aji za mu koma mu koyar, wasunmu ma a wannan yanki. Malamin Hausa shi aka fi miƙa wa ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara. Kada mu karɓe su a matsayin wahalar da aka ƙara mana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.