Amsoshin Tambayoyinku: Ana hukunta mutum a kan laifin da bai yi niyya ba?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Funtuwa, kayan masarufi nake sayarwa. An ci maƙwabcina tara saboda an samu madarar gwangwani da wa'adinta ya wuce a kantarsa, alhali yaron shago ne ya jera ta, shi ko ganinta bai yi ba. Wani lauya ya ce masa ko kotu ya je, ba lallai rashin sanin ya fisshe shi ba. Ashe ba sai da niyya ake kama mutum da laifi ba?

Amsa: Alhaji, abin da ka sani shi ne asalin ƙa'ida. A yawancin laifuffuka sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu biyu: mutum ya aikata, kuma ya aikata da niyya, ko da sani, ko da sakaci. Wanda ya zura takalmin wani a ƙofar masallaci yana zaton nasa ne, ba ɓarawo ba ne. Sashe na 48 na Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960, da sashe na 24 na Criminal Code ta Kudu, duka sun yi wa mai tsautsayi uzuri.

Sai dai akwai wasu laifuffuka da aikatawa kaɗai ta isa, ba a tambayar abin da ke zuciya. Galibi ana samun su a harkar abinci, magunguna, tuƙi da gurɓata ruwa. Daga shari'ar Ingila muka gaji wannan tsari. A 1900 wani mahauci can ya kira likitan dabbobi ya duba masa nama, likita ya ce lafiya lau, ya baje a kasuwa. Ashe naman ba ya ciwuwa, kuma aka same shi da laifi. A 1986, a shari'ar Storkwain, wani kantin magani ya ba da magani bisa takardar likita ta jabu ba tare da ya san jabu ce ba. Kotu mafi girma ta ƙasar ta ce laifi ya tabbata.

Za ka ce wannan ai zalunci ne. Ga hujjar masu doka: idan sai an tabbatar mai kanti ya sani, kowa zai jingina wa yaronsa ko dilansa, ba kuwa mai shiga zuciyar mutum ya gano. Uwar da ta saya wa jaririnta madarar ba ta da hanyar kare kanta, mai shagon kuwa yana da ita, tunda shi ke karɓar kaya, shi ke cin riba. Malaman Malikiyya ma sun ɗora wa masu sana'a irin tela da mai wanki lamunin kayan da suka salwanta a hannunsu, don kare dukiyar jama'a, ko da yake wannan biyan ramuwa ne, ba horo ba.

Ni dai a ganina hujjar tana da ƙarfi muddin hukuncin tara ne, amma da zarar an kai ga ɗauri da zubar da mutunci, ta yi rauni. Alƙalan Ingila sun ga haka a shari'ar Sweet da Parsley a 1969. Wata malamar makaranta ta ba da hayar gidan gona kusa da Oksfod, 'yan haya suka riƙa shan wiwi ba da saninta ba, aka ce ta yi laifin gudanar da wajen shan ƙwaya. Kotu mafi girma ta soke hukuncin, ta ce idan doka ta yi shiru a kan niyya, a ɗauka tana buƙatarta, musamman a manyan laifuffuka. Kanada ta bi hanyar tsakiya a 1978: a laifuffuka irin na abinci da gurɓata ruwa, wanda ya nuna ya yi iyakar taka-tsantsan yana iya kuɓuta.

Saboda haka maƙwabcinka ya nemi a nuna masa sashen dokar da aka ce ya karya, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuce yake ba. Lauyansa ya duba ko sashen ya ambaci sani ko ganganci, ko ya buɗe ƙofa ga wanda ya yi taka-tsantsan. Ya kuma ajiye rasit ɗin dilan da ya kawo masa kayan. Ko da laifin ya tabbata, alƙali yana duba irin wannan shaida wajen sassauta tara.