Kafin yaro ya hau falwaya

Na daɗe ina aikin layin wuta, tun ana ce mana 'yan NEPA, kuma har yau sunan bai rabu da mu ba, duk da cewa tun 2013 aka fara miƙa rarraba wutar ga kamfanoni 11 masu zaman kansu. Kusan kowane wata sai wani uba ya zo mini riƙe da hannun ɗansa: "Oga, ga ɗanka nan, a koya masa aikin wuta." Ina jin daɗin hakan sosai, domin sana'a ce mai rufin asiri. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaran da suka riga suka tsinci rabin aikin a unguwa, sun iya haɗa waya, sun iya ɗaura fiyus, amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake kashe layi.

Wata rana da damina aka kira mu wata unguwa. An ɗauke wuta tun safe, sai wani matashi mai wayarin ɗin gidaje ya jingina tsani ya hau, wai zai gyara wa maƙwabta layinsu. A ganinsa tunda ba wuta, wayar a mace take. Ashe wani gida sun tayar da janareta ba tare da sun raba shi da layin waje ba, wutar ta biyo waya ta dawo baya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannun damansa bai ƙara riƙe filaya ba. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne taransifoma ba ta zaɓar hanya: yadda take sauko da wuta mai ƙarfin volt 11,000 zuwa 415, haka za ta ɗaga ƙaramar wutar janareta ko ta sola ta mayar da ita babban layi.

Saboda haka a wajenmu darasin farko ba hawa ba ne. Sai an karɓi izinin aiki daga mai kula da layin, an kashe, an gwada da na'ura an tabbatar ba wuta, sannan a ɗaure layin da ƙasa ta gaba da bayan wurin aiki. Bayan nan ne ake maganar bel, hular kwano da safar hannu ta roba. Wanda na koyi aiki a hannunsa ya yi wata shida yana sa ni riƙon tsani da miƙa kaya. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne, sai daga baya na gane ido yake koya mini.

Hanyar shiga a buɗe take. Yaro zai iya farawa daga kwalejin fasaha ya zana jarrabawar NABTEB, ko ya zauna wajen ƙwararren maigida ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 1. Cibiyar NAPTIN, wadda aka kafa a 2009 don horar da ma'aikatan lantarki, tana da rassa a Kano, Kaduna, Jos da Kainji. Mai son yin wayarin da saka mita bisa doka kuma sai ya nemi shaidar ƙwarewa daga hukumar NEMSA. Aikin ma ba hawa kaɗai ba ne. Masu haɗa kebul na ƙarƙashin ƙasa ba su da yawa, kuma duk inda na je nemansu ake yi.

Iyaye, don Allah kafin ku damƙa ɗanku ga wani maigida, ku je ku ga yadda yake aiki. Ku tambaye shi takardarsa, ku ce ya nuna muku na'urar gwajin wutarsa da wayar da yake ɗaure layi da ita. In ya ce muku shi da bayan hannu yake gwadawa, ku kama hannun yaronku ku koma gida.